Dariyar da ke Cikin Wayar Baba

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, da ma a makarantar dare na koye shi bayan furfura ta fito. Albishirinki! Ɗanki Dogo yana raye.

Bari in bi miki daki-daki. Manhajar kallon nan da kike biya mini duk wata ta ishe ni. Yau ta nemi lambar sirri, gobe ta ce babu data, jibi wani zobe ya yi ta juyawa har barci ya kwashe ni. Sai na koma wurin mai turin fina-finai, wanda rumfarsa ke jikin shagon mai walda. Kafin ku gama gaisawa ya cika maka waya. Na san za ki ce sata ce. Ki bari in kai aya tukuna.

Ya tura mini wani sabon fim na barkwanci. Ashe a cikin gidan sinima wani ya ɗauko shi a ɓoye: hoton a karkace, ga kawunan mutane baƙi-baƙi a ƙasa. Daidai inda wani ƙato ya faɗa kwata, sai wani ɗan kallo ya fashe da dariya. Dariyar nan mai sarƙewa, wadda yake jan numfashi a ƙarshenta kamar tsohon famfo. A kafaɗata yaron nan ya girma, ko a cikin kasuwa zan gane ta. Fim ɗin na bana ne, shi kuwa tun bara da ya ƙetare neman aiki muka daina jin ɗuriyarsa. Kin ga ke nan ja'irin yana can yana shan kallo, mu muna nan muna ramewa!

Ki gaida kowa. Ni ne mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya. Direba ya kawo mini wasiƙarka.

Na buɗe fim ɗin a manhajar da nake biya. Hoto tas, murya tas. Ƙaton ya faɗa kwata, babu wanda ya yi dariya. Na maimaita wurin har ƙannensa suka fara kallona.

Baba, don Allah kada ka ɗaga mini rai a banza. Kwanaki ma ka ce ka hango abokin naka a tasha, ashe wani ne. Ban faɗa wa babansa ba, ya riga ya daina ambatonsa. Ka koma wurin mai turin, ka tambaye shi a wane gari aka ɗauki fim ɗin. Kuma kada ka bari kowa ya taɓa wayar nan.

Na bar ka lafiya. 'Yarka.

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je. Da na ce masa, "A ina aka ɗauko wannan?" sai ya miƙe yana leƙen bayana. Ya ce, "Baba, hukuma ka kawo mini? Ni caji kawai nake yi!" Da ƙyar mai walda ya kwantar masa da hankali.

Ya rantse bai sani ba. Shi ma a wani shafi yake kwasowa kyauta, kuma duk ranar da aka rufe shafin, sai ya sake suna ya ɓullo. Babu ofis, babu lambar waya, babu wanda za ka tambaya. Wai mai kyau ya fito, sun cire mai kawunan daga shafin, shi ma ya goge nasa. Har ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in canza maka, kyauta." Na fizge wayata na tura aljihu.

Yanzu a wayata kaɗai dariyar ta rage, iya sanina. Ga shi tun da aka yi turin nan take zafi tana mutuwa da kanta. Ya ce cuta ce ta biyo fim ɗin, sai an wanke ta gaba ɗaya. Na ce a wanke kansa. Ya gwada kwashe fim ɗin zuwa na'urarsa, wayar ta mutu a tsakiya. Jiya sai da na yi ta lallashinta kafin ta kawo haske.

Ki zo ki ji da kunnenki tun tana kamawa. Ni na tabbata, amma ke kika haife shi.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Jiya na shiga motar garinku, na sauka kafin ta cika. Ka yafe mini. Idan na ji na ce ba shi ba ne, shi ke nan ba mu da komai.

Ka kashe wayar, ka naɗe ta, ka sa a ƙasan akwati. Zan zo ranar da ƙafata ta yarda. Kafin nan, ka sake rubuto mini yadda dariyar take. A hankali, Baba, kada ka tsallake komai.

'Yarka.