Ƙoƙon Kan Akbishop

Sparkbrook, Birmingham
4 ga Maris, 2013

Ƙanwata Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki shafa min kan Raki. Na aiko wannan ta hannun maƙwabciyarki Sister Monica ta cocin Katolika, 'yar Kafanchan ɗin nan, tunda mijinki Sunusi ya mayar da wayarki tasa.

Kin san ƙaramar hukuma ta yanke wa su Sister tallafi, za su rufe gidansu na Withington. Kafin su tashi sun kira ni in duba musu abin da suka fi ji da shi: ƙoƙon kan wani babban limamin coci, Akbishop Dorran, da ƙashin hannunsa. Sojoji ne suka kashe shi a Ireland, fiye da shekara ɗari uku ke nan. Na karanta tarihinsa. Ɗan masunci ne, ya yi karatu a Roma, ya dawo gida ya buɗe makarantu. Littafin ya ce ya durƙusa yana murmushi, sara ɗaya aka gama.

Ƙarya ne. Ƙashi ne sana'ata. An fasa masa kunci, an karya muƙamuƙi, an sari ƙeya har gatari ya kafe. Hannunsa kuma ya karye daidai inda yake karyewa idan mutum ya ɗaga shi ya kare fuska.

Irin wannan karayar na gani a hoton hannunki na bara, wadda kika ce wa likitanki a matakala kika faɗi. Matakala ba ta karya mutum a nan, Kubura. Shi an sa shi a akwatin azurfa ana sumbata. Ke likkafani za a naɗa miki, Sunusi ya sa farar shadda ya zauna karɓar gaisuwa.

Ki fito daga gidan nan.

Yayarki,
Saudatu


Withington, Manchester
12 ga Maris

Yaya Saudatu,

Wa alaikumus salam. Da fatan kina lafiya, ya aiki? Don Allah ki rage faɗa, kaina ciwo yake.

Na kira gidan da ake ɓoye matan da mazansu ke duka, an rufe shi tun bara. Ɗayan sun ce babu gado. Ranar Juma'a Sunusi ya ga na daɗe wurin su Sister, ya buga kaina da ƙofar firij. Haƙori ɗaya ya fita. Raki ce ta tsinto shi, ta ce, "Mummy, put it under your pillow," wai in sa shi ƙarƙashin matashin kaina.

Kowa na gaya wa sai ya ce in yi haƙuri. Ko Akbishop ɗin naki ai bai gudu ba.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Kubura


Withington
13 ga Maris

Likita,

Gaisuwa da fatan alheri. Kubura a ɗakina ta rubuta miki, na ga abin da ta ce.

Wa ya ce bai gudu ba? Littafin nan maza ne suka rubuta, suna jin kunya a ce mai tsarki ya ruga. Mu tsofaffin gidan nan sun gaya mana sau biyu ya tsere, sau ɗaya cikin gangar kifi, sau ɗaya cikin kayan wata tsohuwa mai sayar da kabeji. Makarantun nan duk bayan gudun ya gina su. A na uku ne tsufa ya hana ƙafa. Na gaya wa Kubura haka.

Ranar Asabar mota za ta kwashe mu da Akbishop zuwa gidanmu na Balsall Heath. Ina da riga da lulluɓi irin namu daidai jikin Kubura, ta sa ta saje da mu. Ta ce ita Musulma ce. Na ce lulluɓin ɗaya ne, launi ne kawai ya bambanta.

Allah ya kiyaye ki.

Sister Monica


Sparkbrook
14 ga Maris

Kubura,

Salam. Akbishop guda ya shiga gangar kifi, ke kina taurin kai a kan riga? Ki sa. In laifi ne ki ɗora a wuyana. Kada ki ɗauki komai sai Raki da fasfo.

Saudatu


Balsall Heath, Birmingham
17 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Mun iso, ni da Raki. Kada ki zo tukuna, ya san gidanki.

Takalmina Sunusi ya gane. Ina sa ƙafa a mota ya damƙo wuyana ta baya, ya shaƙe ni da lulluɓin har na daina gani. Sister Monica tana riƙe da akwatin azurfar. Da shi ta maka masa a fuska, hannu bibiyu. Na ji ƙarar hancinsa. Mun bar shi durƙushe a titi, jini har kan farar rigarsa.

Tun a hanya take kuka tana ba Akbishop haƙuri. Ta ce in gaya miki ƙoƙon kan ya ƙara tsagewa a goshi, ki zo ki duba in an kwana biyu. Ta ce kuma ki rubuta gaskiyar yadda aka yi, kada a ce faɗuwa ya yi.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Kubura