Layun Da Na Ƙona

Ƙofar Kuyambana,
Birnin Zariya.

Zuwa ga Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah ya yalwata maka makwanci. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, ba a kai wasiƙa inda kake. Amma dubi sama ka gani, yau na rubuta sunanka. Shekara ashirin da bakwai kana gidan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Kai ɗan fari ne, haka muka gada. Sai dai in ce wannan yaron, ko in ce mai gyaran rediyo, kamar wani baƙo ne ya kama haya a gidana. To, yau na rubuta, hannun kuwa bai karye ba.

Mutanen gida suna nan. Innarka ƙafar ce dai, yau ta tashi gobe ta ƙi. Matarka Rabi ta fita takaba. 'Yarka Hadiza ta yi baki, ta fi aku, kuma ba ta ga maciji da kajin Innarka. Shagonka na Tudun Jukun yana rufe, amma har yanzu wani kan zo daga ƙauye da rediyo a hammata, ya yi sallama yana neman ka. In na faɗa masa sai ya yi salati, ya yi ta'aziyya, sannan ya tambaya ko akwai wanda ka koya wa. Ruwa ya sauka sosai bana, katangar bayan gida ta zube. Ni kuma ina nan a zaure da allura da zare, sai dai yanzu Rabi ke zura mini zaren.

Ba labarin katanga ya sa na ɗauki biro ba. Ka san abin.

Ka tuna rigar da ka aiko a gyara mata wuya? A aljihunta na tsinci na farkon. Takarda ce an ninke ta ƙanana, an naɗe da baƙin salatef ɗinku na masu gyara. Ko makaho ya shafa zai ce laya ce. Na warware, na ga baƙaƙen boko da lambobi a jere, layi biyu, gida huɗu, ba su ba da kalma ko ɗaya ba. Na yi yaƙi da jahilci, ina karanta jarida, amma wannan ya ƙi karantuwa. Me ya hana in kira ka in tambaya? Taku nawa ne daga zaure zuwa sashenka? Amma uba ba ya zama hira da ɗan fari, kuma ba ya leƙa ɗakin surukarsa. Sai na ɗauki takardar na kai wa Alhaji Mudi, abokina tun muna makarantar allo, wanda ka san cikinsa ba ya riƙe ko ruwan sanyi.

Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce wai hatimi ne na mutanen ƙetare, irin wanda ake neman duniya da shi, kuma wai ba a yin ɗaya. Na sa Innarka ta bincika, ta fito da gwangwanin madara cike da su.

Ranar da ka dawo da la'asar kasko yana gabana da garwashi. Ka durƙusa ka gaishe ni. Na zazzage gwangwanin a wuta kana kallo. Ka buɗe baki, na ce rufe, ba a gidana za a yi shirka ba. Ka rufe. Warin salatef ɗin nan ya yi kwana biyu a zaure. Kwana tara bayan nan sanƙarau ya kama ka cikin zafin bazara, kwana uku ya gama. Ka ga yadda lissafin ya zo wa mutanen unguwa daidai? Aka ce layun ne ke riƙe da kai, da aka ƙona su masu su suka zo suka karɓi abinsu. Har yaba mini ake yi, wai na zaɓi Allah a kan ɗana.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Da aka ajiye ka za a yi salla, Liman ya ce a yafe wa mamaci. Kowa ya ce ya yafe a hankali, yadda aka saba. Ni kuwa na ɗaga murya, sahu uku suna ji, na ce na yafe maka abin da na gani da idona, Allah ma ya yafe maka. Na zaci gata na yi maka. Ashe tambari na buga wa maganar, da hannun ubanka.

Rabi ta san gaskiya tun ranar kasko. Amma ina surukar da za ta tsaya gaban uban mijinta ta ce ya yi kuskure? Ta haɗiye har ta gama takaba, sannan ta faɗa wa Innarka, Innarka ta faɗa mini tana kallon bango. Wai rubutun ma na Rabi ne, kai kake karantowa daga talbijin ita tana rubutawa. Wai na gem ne, akwatin wasan nan da wani malamin jami'a ya bar maka da zai koma ƙasarsu. Wai salatef ɗin don Hadiza ne, saboda duk takardar da ta samu sai ta kai baki.

Na aika a kira abokanka biyu da kuke wasan tare, Garba mai walda da Malam Isiyaku na firamare. Suka shigo zaure kamar an kira su kotu. Na ce su haɗa abin nan in gani. Suka haɗa.

Habibu, ashe wannan ne? Wani ɗan mutum cikin rigar ƙarfe, jirginsa ya ajiye shi a wata duniya can bayan taurari, ba gari, ba kasuwa, ba mai ce masa sannu. Yana gangarawa cikin ramuka, yana tsalle daga dutse zuwa dutse, ƙasa wuta ce ko wani ruwa mai cin mutum. Ƙofofi ko'ina, wata ta buɗe, wata ta ƙi, sai ka yi tafiyar yini ka samo abin buɗe ta ka dawo. Ni da na tashi a gaban kakata ina jin tatsuniya, na san ramin dodo iri-iri. Amma a tatsuniya ko dodo yana magana, yana ma waƙa kafin ya haɗiye ka. A nan ba mai magana. Sai wani kiɗa can ƙasa-ƙasa, kamar iska a bakin tulu.

Sai ɗan mutumin ya faɗa wuta ya mutu. Talbijin ya yi baƙi, ga baƙaƙen nan sun fito, layi biyu, gida huɗu. Isiyaku ya ce in ka rubuta su ka ajiye, gobe ka shigar, za a tashe ka kusa da inda ka faɗi. In ba ka da su, sai ka koma bakin jirgi ka faro daga farko. Ba a ba ka rubutun sai ka mutu. Ashe kowace laya a gwangwanin nan mutuwa ɗaya ce da ka yi ka tashi. Wata bakwai kana tara su. Rabi ta ce ƙofa ɗaya ta rage maka.

Na tambaye su, me ke cikin abin nan da zai zaunar da magidanci mai gemu? Nan fa suka manta suna gaban dattijo. Garba ya ce shi wallahi bai taɓa son sa ba, don kai yake zama. Wai gem ba ƙwallo, ba dambe, ba abokin karawa, sai yawo cikin duhu kamar jakin da ya faɗa masai. Wai ko taswira ba su bayar ba, mugunta ce kawai ta masu ƙera shi, kuma wannan kiɗan yana sa shi tuna duk laifin da ya taɓa yi. Isiyaku ya ce masa ai kai ko fura sai an dama an ɗura maka, mai walda ina ya san daɗin shiru. A wurinsa ɓatan shi ne wasan. Wai lokacin da ka gaji, ka tabbata babu hanya, sai ka harbi wani bango don haushi ya rushe, ka ga rami a bayansa, wannan faɗuwar gaban ba a samun ta a ƙwallo. Garba ya ce in faɗuwar gaba yake so ya je ya tsaya gaban tirela, kyauta ne. Isiyaku ya ce shi ya sa har yau bai wuce ramin farko ba. Garba ya ce ramin farkon ma bai ga wanda ya biya shi ladan shiga ba.

Na tambayi Rabi ta bakin Innarka. Ta ce ita kiɗan ta tsana, yana mata kama da gida bayan masu zaman makoki sun watse. Amma wai in ƙofa ta buɗe maka kakan yi wata dariya, don wannan dariyar take riƙe biro. Wace irin dariya ce, Habibu? Ni ban san ta ba. A gabana kanka kullum a ƙasa yake.

Kai kuma, in ji su, cewa kake yi wurin yana maka kama da lungunan birni lokacin kana ƙarami, ranar da aka aike ka Ƙofar Galadima ka ɓace, ka yi ta bin bango har ka fito da kanka, ba ka yi kuka ba. Na tuna ranar. Dukanka na yi don ka daɗe.

Kada ka yi dariya, na karɓi abin latsawar da ake tafiyar da ɗan mutumin. Yatsun da suka shekara hamsin suna fitar da aska takwas a wuyan riga sun kasa tsallakar da ɗan mutum rami ɗaya. In akwai wuta da hantsi nakan ajiye ɗinki in zauna. Na mutu ban san adadi ba. Ina rubuta baƙaƙen da kaina, sai in haɗa sifiri da wasalin da ya yi kama da shi, gobe in shigar akwatin ya ce bai san zancen ba. In ka tambaye ni ra'ayina, Garba yana da gaskiya, abin mugu ne. Isiyaku ma yana da gaskiya. Ban taɓa ganin abin da ya kwatanta kaɗaici kamarsa ba, kuma ban san me ya sa ɗana, mai mata da 'ya da uwa da uba a gida ɗaya, ya ji daɗin zama a ciki ba. Ko kuwa na sani?

Da a kaina abin ya tsaya da na yi shiru. Amma ran nan wata mata ta shigo sayen ƙuli wurin Innarka, ta ga Hadiza, ta ce af, wannan ce 'yar mai layun? Ba da mugunta ta faɗa ba, kwatance take yi. Wannan ya fi ba ni tsoro. Suna in ya zama kwatance ya zauna ke nan, da shi za ta shiga makaranta, da shi za a zo neman aurenta.

Saboda haka na sa Garba ya jawo waya har zaure, na gayyato Liman da Alhaji Mudi da dattawa huɗu bayan la'asar. Na kama abin latsawa a gabansu, da furfurata, na jefa ɗan mutumin cikin wuta da gangan. Wannan kam na iya. Baƙaƙen suka fito. Isiyaku ya rubuta, ya kashe akwatin, ya kunna, ya shigar, mutumin ya tashi. Alhaji Mudi ya ja da baya har ya take takalmin Liman. Wai akwatin da ke rubuta hatimi da kansa, yana kashewa yana rayawa, ai ya fi laya sharri, kuma wai ga shi ya kama ni ni ma. Liman bai kula shi ba. Ya sa aka maimaita sau uku, ya karɓi takardar ya duba da tabarau, sannan ya ce wannan shirme ne, ba shirka ba. Shirme! Na kusa rungume shi. Ban taɓa zaton zan yi murna don an kira ɗana mai shirme ba.

Jiya bayan azahar na miƙe a masallaci kafin a watse. Na ce abin da na ƙona ba laya ba ne, Liman shaida ne, wasa ne irin na yaran zamani. Na ce yafiyar da na yi a kan gawarka na janye ta, don babu abin yafewa, ni ne mai laifin, ƙazafi na yi wa ɗana kuma na yi shi a gaban makararsa. Na ce in akwai wanda zai iya yafe mini a madadinka, ya yi magana.

Ba wanda ya yi. Wa zai yi? Liman ya sunkuyar da kai ya ja carbi. Wasu sun gaskata, na gani a fuskarsu. Wasu sun fita suna cewa baƙin ciki ya taɓa Malam Tanimu, a yi masa addu'a. Alhaji Mudi bai ba ni hannu ba.

Zan ci gaba da faɗa, zaure zaure, wurin suna da wurin jana'iza, har su gaji da ni, har ranar da za a nuna Hadiza a ce 'yar mai gyaran rediyo. Wannan zan iya, in kwana ya kai. Ɗayan kuwa ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun Liman ba. Kai kaɗai ke da shi, kuma ranar da ka buɗe baki ni na ce ka rufe.

Ka yafe mini?

Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta. Sai na zo na ji amsar da kunnena.

Ni ne mahaifinka,
Tanimu mai ɗinki.