Ƙwayar Cutar da Ba Ta Jin Magani

Daren Laraba, Yammedi

Ƙafar maigida ta ƙi warkewa. Tun da ƙaya ta soke shi a fadama ciwon sai ƙara ruruwa yake, ga shi ya shanye kafso har kala biyu.

Da hantsi ƙanwata Binta ta turo min wata murya a waya. Wani mutum ne, bai ko faɗi sunansa ba, wai akwai ƙwayar cuta mai cin naman mutum, ko a tafasasshen ruwa ba ta mutuwa. Ko tuwo ma kasa tuƙawa na yi.

Na je asibiti a Karaye na kunna wa wata nas, na kuma faɗa mata halin da ƙafar maigida take ciki. Ta ce, "Yaya, wanda ya ɓoye sunansa ba a bin maganarsa kan lafiya. Amma gaskiya akwai ƙwayoyin da suka daina jin magani. Gobe ku kai shi Kano a auna ruwan ciwon."

So na yi ta ce duk ƙarya ne, sai ta ƙaryata rabi kawai.

Yanzu na taɓa goshin maigida, zafi rau. Ya Allah, ka sa tasa mai jin magani ce.