Karan da Kuka Yanke a Hoton Babana

Zuwa ga Edita, da kuma Malam mai sharhin fina-finai a shafin ƙarshen mako,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku baki ɗaya. Ni malamin firamare ne a Magarya, ƙasar Wurno, kuma na daɗe ina karanta jaridarku. Direban da ke zuwa Sakkwato ne ke kawo mini ita, wani lokaci ta iso tana warin albasa, amma ba na tsallake shafi ko ɗaya. Shafin fina-finai nake fara buɗewa, ko da yake yawancin abin da kuke yabo ba ya isowa inda muke. Na faɗi haka ne don kada ku ɗauka maƙiyi ne ya rubuto. Masoyinku ne, amma ransa a ɓace yake ƙwarai.

Maganar ta shafi fim ɗin nan na noman rani wanda ya kwashe kyaututtuka, kuka cika shafi biyu da yabonsa. Ba zan ambaci sunansa ba, yabon da ya samu ya ishe shi. Tsohon da kuka buga hotonsa babba, riƙe da fartanya a bakin kwatar ban ruwa, mahaifina ne, Malam Garba. Ba ɗan wasa ba ne. Shi ne mai rabon ruwa a fadamarmu.

Da yake na ga alama ba ku san wannan aiki ba, bari in bayyana. Idan aka saki ruwa daga dam ɗin Goronyo ya iso mu, kwata ɗaya ce ke ratsa gonaki da yawa, ba ta kuwa isar kowa a rana ɗaya. Saboda haka manoma kan zaɓi mutum guda ya riƙa faɗin wanda ke da ruwa yau da wanda zai jira gobe. Ba shi da albashi, ba shi da ofis. Abin da ya mallaka kawai shi ne idan ya ce haka ne, a yarda. Babana yana wannan aiki tun ina ɗalibi, yanzu kuwa ina da furfura a gemu.

Da masu fim suka zo, suka ce suna son dattijo wanda ya iya fasa ruwa ya juya shi cikin fangalin shuka, a ɗauke shi hoto, shi ke nan. Baba ya ƙi. Ni na matsa masa, na ce duniya za ta ga aikinsa. Wannan laifina ne, ba kuma zan ɗora wa kowa ba. Ya je gonarsa da hantsi, a ranar da ruwa ke nasa, da hularsa da rigarsa ta kullum, ya yi abin da ya saba. Ba wanda ya gaya mana cewa a cikin labarin wannan tsoho ɓarawon ruwa ne, mai karkatar da rabon wata gwauruwa zuwa gonarsa.

Ranar da jaridarku ta iso, na ga hoton Baba, murna ta hana ni dubawa tukuna. Na wuce da ita kai tsaye majalisar ƙofar gida bayan la'asar, dattawa sun cika tabarma, Baba na tsakiya. Na gyara murya na fara karantawa da ƙarfi. Sai da na yi nisa na gane inda maganar ta dosa, lokacin kuwa kowa ya kasa kunne, ba damar tsayawa. Da bakina na karanta wa mahaifina cewa fuskarsa fuskar haɗama ce tsantsa, wadda ba a koyo a makaranta. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Can Baba ya dube ni ya ce, "Mi niy yi ma mutanen ga?"

Ga ƙorafina, ranka ya daɗe, ɗaya bayan ɗaya.

1. Malam mai sharhi, ka ce abin da ya fi burge ka shi ne tsohon nan ba wasa yake yi ba, da gani ya saba. Na san a wurinku wannan yabo ne, wataƙila ma shi ne ƙololuwar yabo. A Magarya shaida ce. Mutanenmu ba su ga fim ɗin ba, ba kuma lallai su gan shi ba. Abin da suka gani hoto ne, abin da suka ji kuwa jarida ta ce ya saba. Lallai ya saba, amma da me? Da fasa ruwa a ranarsa. Wannan rabin maganar ne ka bari a baya.

2. Maganar kara, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Na bar aji na tafi Sakkwato takanas, na kalli fim ɗin a wurin wani abokina. Na ga Baba ya fasa bakin kwata, sannan ya ɗauki dogon karan dawa ya kafa a wurin. Kai ka zuba Hausa a kan wannan kara, ka ce dabarar ɓarawo ce ta yi wa wuri alama don ya dawo ya toshe kafin a farga, har ka jinjina wa daraktan da ya yi wannan tunani. Malam, darakta bai san da karan nan ba sai da ya gan shi a tsaye. Al'adarmu ce. Duk wanda ya fasa ruwa a ranarsa yakan kafa kara mai tsawo, yadda na can ƙarshen fadama zai hango ya san ruwa na hannun mai shi. Ɓarawo ba ya kafa kara. Yaya za a yi mai sata ya ɗaga tuta? Abin da ka kira hujjar sata, shi ne babbar hujjar gaskiyar mutumin nan. Da ka tsayar da kowace mai tallar albasa a kasuwar Wurno ka tambaye ta, da ta gaya maka kafin ka rufe baki.

3. Hoton da kuka buga, kun yanke shi ta gefen dama don ya shiga shafi. Karan a gefen dama yake. Da kun bar shi, da duk wanda ya duba a nan ya yi dariya ya ce 'yan birni ba su san ruwa ba, magana ta mutu. Da na gaya wa Baba babu kara a hoton, sai ya karɓi jaridar ya kai kusa da ido, ya ce, "Duba da kyau dai. Ban taɓa hwasa ruwa ban kahwa kara ba." Na duba, ranka ya daɗe. Babu.

4. Kun yaba wa darakta, kun yaba wa mai ɗaukar hoto, har hasken rana kun yaba masa. Ba wanda ya tambayi ko wane ne tsohon, ko yana da gida, ko yana da maƙwabta.

To ga abin da yabonku ya haifar. Akwai wani mai hali a nan, wanda bara ya nemi a ƙara masa rana ɗaya don gonarsa babba ce, Baba ya hana. Yanzu shafinku na cikin aljihunsa a ninke, duk inda aka taru sai ya zaro. Ba ya zagin kowa, sai dai ya buɗe ya ce, "Ni ban ce komi ba. Jarida ta tac ce ba wasa shika yi ba." Nan da Juma'a biyu manoma za su zauna, kamar yadda aka saba kafin dashen albasa, a sabunta mai rabon ruwa. Shekara da shekaru zaman nan ba ya wuce shan ruwa da addu'a. Bana an ce sai an tattauna. Ba muƙamin ne ya dame ni ba, Allah ya sani, da ya huta ma da na fi kowa murna, gwiwoyinsa sun gaji. Amma akwai bambanci tsakanin mutum ya ajiye aiki da a karɓe masa da sunan ɓarawo.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ku sake buga hoton nan cikakke, da karansa, kafin wannan zama. Ku rubuta a fili, a shafin da kuka yi yabon ba a lungu ba, cewa Malam Garba manomi ne da aka ɗauka yana ban ruwa a gonarsa a ranarsa, bai san labarin da aka ɗora masa ba. Sannan Malam mai sharhi, idan ka sami sarari ka zo. Hanya ba ta da kyau, amma akwai babur, akwai fura. Ka tsaya a bakin kwata hantsi ɗaya kawai, ka ƙirga kara.

Ban ce ku daina yabon fim ba. Yana da kyau, ni ma na gani, wani wurin har na yi ƙwalla. Amma kafin ku ce wani abu gaskiya ne tsantsa, ku tambayi waɗanda gaskiyar ke zaune a gidansu.

Shekaranjiya ruwa na Baba ne. Na raka shi gona, na ga ya tsaya da fartanya a hannu bai fasa ba. Sai da ya kira maƙwabta biyu suka zo suka tsaya a kansa, sannan ya sara, ya kafa karansa. Mutumin da duk fadamar nan shi ake kira shaida, yau shi ne ke neman shaidu a kan ruwansa.

Allah ya ƙara wa alƙalaminku albarka, ya tsare ku daga cutar da wanda ba ku sani ba, ya kuma tsare muku mutuncin iyayenku.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Ɗan Malam Garba mai rabon ruwa,
Magarya, Wurno.