Akwatin Gwajin Masara

Kara, Gwarzo.

Zuwa ga ɗana Dakta Muhsin,

Assalamu alaikum. Ka yi mini afuwa bisa ɗaukar lokacinka, na san aikin jami'a ba ya barin mutum ya huta. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka Kamila.

Za ka tuna shekara huɗu da suka wuce ka tarar da ni ina gwada masara a akwatin katakon da na haɗa. Na nuna maka yadda fitilar nan mai shuɗin haske, wadda 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita, take sa ƙwayar da fumfuna ta ci ta yi kore-kore. Asalin abin a wata 'yar takardar malaman gona na karanta shi. Sauran kuwa, nisan fitila da zurfin akwati, ni na gwada su shekara bakwai ina rubutawa a littafi. Ka ari akwatin da littafin, ka ce mako biyu.

Ranar Talata na ji a rediyo cewa ka ƙirƙiro na'urar da ta haɗa wannan haske da kyamarar waya. Na sa aka buga mini takardar binciken, hedimasta ya fassara mini ita layi-layi. Sunaye shida ne a sama, na bi su da yatsa sau uku. Can ƙarshe an gode wa "wani manomi". Ban yanke hukunci ba, wataƙila kuskuren masu bugawa ne. Ina neman bayani.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka, Lukuman.

*

Kano.

Kawu, barka da war haka. Ya gona, ya su Inna Uwaliya?

Wallahi ba raini ba ne. Ƙa'idar mujallar ce, sai ɗan jami'a ake sa sunansa. Kai da ni ai ɗaya ne. Littafin kuma ɗalibai sun kwafe lissafin a kwamfuta, yana nan cikin kayan ofis, za a duba.

Akwai 'yar matsala. Mun kai na'ura garin Gude gwaji, amma duk masarar da aka zuba sai ta nuna gubar fumfuna, har mai kyau. Baƙin da suka ɗauki nauyin aikin suna zuwa ƙarshen wata. Me kake yi wanda ba mu yi ba? Ka kira ni kawai, rubutu yana ɗaukar lokaci.

Naka, Muhsin.

*

Gude, Kabo.

Yaya Lukuman, ina gaisuwa da fatan alheri.

Ba zan ɓoye maka ba, sunanka ya ɓaci a garin nan. Da masu na'urar suka zo, mutane suka ƙi kawo masararsu, sai Muhsin ya ce, "Haba, akwatin Malam Lukuman ne fa, gyara shi kawai muka yi." Jin sunanka kowa ya kawo. Yanzu mai sayen hatsi ya ƙi masarar gida goma sha huɗu. Jiya Alhaji Datti ya tare ni a hanya, ya ce, "Hajiya, yayan naki boka ya zama ne, ko makanta ta kama shi?" Aka yi ta dariya.

Muhsin ɗana ne, ɗanka ne. Don Allah ka rufa masa asiri.

Ƙanwarka, Halimatu Sa'adiya.

*

Kara, Gwarzo.

Dakta Muhsin,

Bayan gaisuwa. Ashe sunana yana da amfani a Gude, a mujalla ne kawai ba ya shiga.

Na je Gude ranar Asabar, na duba na'urarku. Kuna shimfiɗa masara a kan farin ƙyalle da aka wanke da garin sabulu. Garin sabulu yana walƙiya a ƙarƙashin wannan haske, kyamara kuwa ba ta bambance shi da guba. Ni a kan kasko nake zubawa, wanda sabulu bai taɓa ba. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko, na rubuta ta da jan biro a bangon littafin. Lissafin kuka kwafe, bangon ba wanda ya duba.

Na sake gwada masarar gida goma sha huɗun a kan kasko a gaban mai saye, biyu kaɗai ke da fumfuna. Don su na yi, ba don baƙinka ba. Akwai sauran ƙa'idoji huɗu a bangon, kuma ba zan faɗe su a waya ba.

Buƙatuna su ne:

1. A dawo mini da littafina, shafi ɗari da sittin, cikakke.
2. Ka rubuta wa mujallar wanda ya haɗa akwatin, ka aiko mini kwafi.
3. Ka tsaya a gaban mutanen Gude ka faɗi na wa ne kuskuren.

Ina jiran amsa a rubuce, da sa hannunka, kafin baƙin su iso.

Wassalam.
Lukuman.