Tumatir ɗin Mama

Blantyre

Yaya Yamikani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Anti da yara. Mama dai jiki ya ƙi, tana nan kwance a asibiti. Nsima, tuwon masararmu, ma ba ta iya haɗiyewa. Na yi mata miya da tumatir ɗin kasuwa, ta ɗanɗana ta kau da kai, wai ruwa ne aka shafa wa ja. Nata take so, wannan mummunan mai tsaga-tsaga da ta gada wurin kakarmu, mai zaƙi da ɗan tsami. Ka ba direban mota ko kaɗan ne. Ka naɗe a tsumma, ka san fatarsa ba ta jure hanya.

Ƙanwarka,
Tadala

Ntcheu

Tadala,

Na samu takardarki, muna gaishe ku. Wa ke shuka wannan yanzu? Dillalai ba sa saye, kafin ya kai birni ya fashe a kwando. Kowa ya koma irin kanti, mai tauri kamar dutse. Irin da Mama ta adana cikin toka kuwa ya tafi da ɗakin girki lokacin ambaliya. Na bi gida-gida. Tsohuwa Nachisale dariya ta yi mini: "Sai yanzu kuka san daɗinsa, 'yan zamani?"

Amma na ga tsiro ɗaya bayan garken awaki, ya fito da kansa. Tsutsa ta cinye 'ya'yan, saura ɗaya, ɗanye shar. In na tsinke yanzu, irin ya ƙare ke nan. In na bari ya nuna, ban san ko Mama za ta jira ba. Ki faɗa mini yadda zan yi.

Yayanki

Blantyre

Yaya,

Barka da ƙoƙari. Ni cewa na yi ka tsinko, mutum ya fi iri. Amma da na karanta mata, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ce masa in ya taɓa shi ban yafe ba. Ya bari sai ya yi laushi." Maganarta ta ƙarshe ke nan da muka gane. Ta cika ranar Talata da hantsi. Za mu taho da ita gida.

Tadala

Ntcheu

Tadala,

Da fatan kin koma lafiya, ya ƙarin haƙuri. Tumatirin ya nuna bayan tafiyarku. Da na yanka, na tarar tsutsa ta riga ni shiga. Na tsince ƙwayoyin da suka rage, na shanya, na shuka a tsohuwar tukunya. Ina ba su ruwa safe da yamma. Har yau ba abin da ya fito.

Ki gaida maigidanki.

Yamikani