Barcin Baba da Shirun Inna

Gueskérou, 4 ga Disamba 1998

Zuwa ga Yaya Muhsinu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Bayan haka, raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Kun zo da farar mota kuna auna tsofaffi, kuna tambayarsu yadda suke barci. Kai da bakinka ka ce wa Baba lafiyarsa ƙalau. To ga shi ya ƙwace jirgin fito daga hannun ƙanensa Sule, jirgin da muka sha wuya kafin Baba ya bar masa. Ya koma ƙetare kogin Komadugu da mutane da buhunan tattasai, yana cewa ɗansa na likita ya wanke shi. Mutumin da ke gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu! Wannan wane irin awo ne?

Ƙanwarka,
Jannatu

Diffa, 11 ga Disamba 1998

Jannatu,

Na amsa gaisuwa. Amma ki iya bakinki, ba wasa ya kai mu ba. Bincike ne na kiwon lafiyar tsofaffi, kuma yana da ƙa'ida: a tambayi tsoho, a tambayi mai ɗakinsa, wanda aka ga alama a tura shi wurin lokotoro, wato babban likita. Na tambayi Baba, ya ce yana barci kamar jariri. Na juya na tambayi Inna ko yana minshari, ko numfashinsa na tsayawa. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Duba zan yi? In akwai magana, me ya hana ta faɗa?

A gaida mutanen gida.

Yayanki,
Muhsinu

Gueskérou, 19 ga Disamba 1998

Yaya,

Gaisuwa, sai dai a taƙaice. Me ya hana ta faɗa? Lallai boko ya ci ka! Kai ne ɗan farinta. Tun da aka haife ka, ka taɓa jin ta kama sunanka? Ruwa ma in za ta ba ka, ni take aikowa. Ita ce za ta dubi idonka, a gaban baƙi maza, ta ba ka labarin shimfiɗar mijinta? Duk Diffa an rasa mai yi mata tambayar sai kai?

Ranar Talata barci ya sace Baba a tsakiyar kogi. Filafili ya suɓuce, ruwa ya ja jirgin, da mata da goyo a ciki. Masunta ne suka tare su. Da maraice Inna ta kira ni ɗaki. Ta ce shekara da shekaru numfashinsa kan ɗauke cikin barci, sai ta taɓa shi ya dawo da wani irin gurnani. Ta ce, "Ki rubuta wa wancan na Diffa." Gobe ma Baba ya ce zai shiga ruwa, tunda ɗansa na likita bai hana shi ba.

Jannatu

Diffa, 22 ga Disamba 1998

Jannatu,

Na karanta. Zan zo ranar Alhamis da Madam Faridatou, ma'aikaciyar jinya ce, dattijuwa. Ni a zaure zan tsaya. Ku ɓoye filafilan kafin nan, ku ce ni na sa.

Muhsinu

Gueskérou, 3 ga Janairu 1999

Yaya Muhsinu,

Gaisuwa da ban gajiya. Baba yana shan maganin hawan jinin da Madam Faridatou ta gano masa, yana kwanciya ta gefe kamar yadda aka ce, yana kuma zagin ka safe da yamma. Jirgi ya koma hannun Sule.

Bayan ka fita raka direban da ya kawo ku, Madam Faridatou ta dubi Inna ta ce, "To ke fa, Hajja, yaya naki barcin?" Inna ta yi dariya ta ce, "In na yi barci, wa zai tashe shi?" Da aka auna ta, nata jinin ya fi na Baba hawa.

Ku gyara tambayoyinku.

Wassalam,
Jannatu